Hannun da Ban Ƙirga Ba

Aikina na farko bayan hidimar ƙasa a wani ofishin jin daɗin jama'a ne da ke kula da Gumel da garuruwan kewaye, 'yan shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa. Ni kaɗai ne mai digiri a ofishin, shi ya sa duk takardar da ta zo daga hedikwata mai shafi fiye da biyu, teburina ake ajiye ta. Ba na jin na fi kowa fahimtarsu. Na dai fi kowa tsoron kuskure. Nakan karanta umarni sau uku, in ja layi a ƙarƙashin kalmomi, in an tashi aiki kuma in dawo daga bakin ƙofa in duba ko na kulle durowa.

Wata safiya cikin bazara shugabanmu ya kira ni, ya turo mini kaset ɗin bidiyo da ƙunshin fom da fayil guda.

"Kallo za ka kai wa mutane," in ji shi. "Ka nuna musu, ka tambaye su, ka ƙirga hannuwa, ka cike fom. Ba ya buƙatar digiri, amma tunda muna da shi a ofis, kada ya yi tsatsa."

A lokacin akwai wani wasan kwaikwayo na 'yan sanda da ake nunawa a talabijin, kowane mako da laifinsa. Kashin da ke cikin kaset ɗin labarin wani mai kanti ne da ya yi wa wata yarinya mai talla fyaɗe. Wani saje mai gashin baki ya kama shi, aka ɗaure shi, ya koyi aikin kafinta a gidan yari, ya riƙa kuka yana istigfari. Da ya fito, uban yarinyar ya miƙa masa hannu a ƙofar masallaci, aka sa kiɗa, wasa ya ƙare. Tambaya ɗaya ce a fom ɗin: shin za ka yarda irin wannan mutum ya dawo unguwarku? Akwati uku: e, a'a, ban sani ba.

"Fayil ɗin fa, yallaɓai?"

"Shi ne dalilin kallon. Je ka karanta."

Na wani mutum ne daga wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Shekara biyar kafin nan aka ɗaure shi a kan irin wannan laifi. Yarinyar 'yar maƙwabciyarsa ce, shekararta tara a lokacin. Ya koyi ɗinki a gidan yari, kuma za a sake shi kafin damina ta ƙare. Hedikwata na son fara wani shiri na mayar da fursunoni gidajensu da kayan sana'a, shi ne kuma na farko. Sharaɗin shi ne a nuna wa mutanen garinsu wasan a ji ra'ayinsu. In dangin yarinyar suka ce a'a, ba za a mayar da shi ƙauyen ba, a Gumel za a ajiye shi a shagon wani tela. A shafin ƙarshe akwai zanen da ɗan sanda ya yi da biro: gida biyu, danga ɗaya a tsakaninsu. Uwar yarinyar mijinta ya rasu, kuma har lokacin tana cikin gidan ita da 'yar.

Na koma na tambayi shugaba wace amsa ake so. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Ni ban ce ka rubuta abin da ba a faɗa ba. Na dai ce maka wannan ne na farko, kuma manya sun riga sun yi zancensa a rediyo."

Mu uku muka yi tafiyar. Akwai Baba direba, wanda shi ne kuma mai tayar da janareto. Akwai wata ma'aikaciya Kirista 'yar ƙasar Filato, da ta fi shekara goma a Gumel, kowa Madam yake ce mata, ita ce za ta nuna wa mata. Sai ni. An ce mu fara da manyan garuruwa don a samu abin kwatantawa, ƙauyen kuma a ƙarshe.

A Gumel ma'aikata ne suka cika zauren. Ana kashe talabijin wani malamin makaranta ya miƙe ya ce wasan ya yi ma'ana, Allah ma yana yafewa, balle mu.

"To Malam, a ba shi hayar zaurenka," in ji wani ma'aikacin asibiti daga baya.

"Zaurena akwai buhunan gero a ciki."

"A fitar da geron mana. Kai da kake da 'ya'ya mata huɗu, ai ladanka sai ya fi na kowa."

Aka yi dariya, malamin ya zauna yana cewa ba haka ake muhawara ba. Da na ce a ɗaga hannu, sai zauren ya rabu, wasu e, wasu a'a, wasu suka ɗaga sau biyu. Na sake ƙirgawa har sau uku, mutane suka fara fita suna tsaki.

A Maigatari ranar Alhamis muka nuna, bayan kasuwa ta fara watsewa. Dillalan shanu ne da fatake, da warin dabbobi a jikinsu. Su sajen ne ya fi ɗauke musu hankali. Wani Babarbare ya ce daga ganin ƙafafun nan ka san Bafulatani ne, shi ya sa ɓarawo ya kusa tsere masa. Wani Bafulatani ya ce da Babarbare ne ai da ya tsaya cin abinci a kantin tukuna. Wani bafatake daga Damagaram ya ce a wajensu jandarma ba su da wannan dogon zance, kaso ne kawai, in mutum ya fito ya hau kamiyo, wato babbar mota, ya nufi inda ba a san shi ba, ya huta, mutane su huta.

Sai wani tsohon dillali da bai yi dariya ba tun farko ya ce, "Ɗan nan, ni sa nake sayarwa. In sa ya taɓa sukar mutum, sai na gaya wa mai saye. In ya ji ya saya, ya san inda zai ɗaure shi. Mutumin nan na cikin talabijin ya dawo ya buɗe shago a bakin hanyar 'yan talla, ba wanda aka gaya wa komai."

"To Baba, e ke nan ko a'a?"

"Na faɗa maka abin da na gani."

Na sa shi a ban sani ba. Na daɗe ina tunanin ko daidai na yi, har na rubuta maganarsa a bayan fom da fensir.

A Sule Tankarkar aka fara samun mata da yawa. Madam ta nuna musu da safe a wani aji, ni ina waje a gindin dalbejiya. Da ta fito ta miƙo mini fom ɗinta ta ce, "Ƙanena, sau nawa ka kalli abin nan?"

"Biyar, ina jin."

"Ina yarinyar ta tafi?"

"Wace yarinya?"

"Mai tallan. Tambayar da matan suka yi ta yi mini ke nan. Tun da aka kai ta asibiti ba a sake nuna ta ba. An nuna ubanta, an nuna saje, an nuna kukan mai kanti har sau uku."

Da rana da aka nuna wa maza na sa ido. Gaskiyarta ce. Ban san me ya kamata in ji ba, kuma ban ji komai ba. Daga wannan rana wasan ya daina shiga kaina. Na san inda kaset ɗin ke rawa, na san inda murya ke shaƙewa, na san daidai lokacin da Baba direba zai ƙara wa janareto mai. Mai kanti na kuka ni ina gyara fom a kan gwiwata.

Shekarar ana wahalar man fetur. Ranar da za mu je ƙauyen, Baba direba ya yini a layi ya samo abin da zai kai mu ya dawo da mu, da ɗan ragowa a galan wanda bai wuce kallo ɗaya ba. Muka isa bayan azahar, motar ta kafe a rairayi sau biyu. Dagacin garin ya tarbe mu a ƙofar makarantar firamare, dattijo ne siriri mai magana a hankali. Na gaya masa matsalar man, na ce ko dai maza ko mata.

"Ai ba matsala ba ce, Malam," in ji shi. "Maza su kalla. Ba gidan da ba shi da namiji mai magana da yawunsa."

Madam ta dube ni. Na ciro takardar umarni na sake karantawa. An rubuta a nuna wa mutanen gari, ba a ambaci maza ko mata ba. An rubuta kuma cewa duk wanda za a ƙirga sai sunansa na cikin jerin mahalarta, ya dangwala yatsa, ya kuma kalli wasan daga farko har ƙarshe a cikin ɗakin. Na ja layi a ƙarƙashin wannan tun a Gumel. Na ce wa dagaci to.

Aka rufe tagogin kwano don hoto ya fito, ajin ya zama kamar tanda. Wayar janareto gajera ce, dole aka ajiye shi a bayan aji, daidai gindin wata taga da kwanonta ya ɓalle a gefe. A nan matan suka taru, suna leƙe ta ɓular bi da bi, janareto na ruri a ƙafafunsu. Ba na jin sun ji ko kalma ɗaya ta wasan. Madam ta fita ta tsaya tare da su.

A nan ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya yi zancen ƙafafun saje. Kowa ya san dalilin zuwanmu, ko da yake ba mu faɗa ba. Da aka kashe talabijin aka buɗe taga ɗaya, sai aka zuba wa dagaci ido. Ya yi gyaran murya ya ce yaron nan ɗan garin nan ne, a nan aka binne kakanninsa. Hukuma ta hukunta shi, ya sha abin da ya sha. Uwarsa ta tsufa, idonta ya mutu, gonarta shekara biyar sai abin da aka taimaka mata. Ya ce shi bai ga inda za a kai ɗan mutum a ce nan ne garinsa ba. Sannan ya ɗaga hannunsa.

Har yau ba na jin dattijon nan ya yi niyyar cutar kowa. Abin da ya gani ya faɗa. Amma yana ɗaga hannu sai na gaba suka ɗaga, sannan na bayansu, layi bayan layi har bango. An koya mana a jami'a cewa ba a tambayar mutane ra'ayi a gaban shugabansu, ɗaya bayan ɗaya ake ware su. Na sani, na ma ci jarrabawa a kai. Takardar umarni dai hannuwa ta ce.

Na tambayi wanda ke wakiltar dangin yarinyar. Aka nuna mini ƙanen mahaifinta, wani mutum mai tsohuwar hula da ke zaune a tsakiya. Hannunsa bai wuce kafaɗarsa ba, idonsa na ƙasa.

"Malam, ka yarda?"

"Abin da manya suka gani."

"Wato e?"

"E."

Na tambaya sau uku ko akwai mai a'a. Babu. Na cike akwatin farko, na ja layi a sauran biyun, a layin dangin yarinya na rubuta sun yarda. Da biro na rubuta.

Baba direba na naɗe waya, ni ina bayan mota ina jera takardu, sai Madam ta zo da wata mata. Ba ta kai hamsin ba, ina jin, tana da tabon ƙunar mai a bayan hannunta irin na masu suyar ƙuli-ƙuli. Ban buƙaci a gaya mini ko wace ce ba. Ta ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya. An ce hannuwa kake ƙirgawa."

"Haka ne."

"To ga nawa. Ban ɗaga ba."

Ta miƙo shi gabana, tafin a buɗe, kamar za ta karɓi wani abu. Na ce mata na gane, Allah ya ba ta haƙuri, sai dai akwai ƙa'ida. Na yi mata bayanin jerin sunaye da dangwale da kallo daga farko har ƙarshe. Na ji muryata tana fita daidai, kamar ina karanta wa ɗalibai.

"Na kalla," in ji ta. "Ta ɓular can. Na ga an ba shi hannu."

"Ƙara sunanta mana," in ji Madam. "Ga tawadar nan a hannunka, ta dangwala."

"Madam, ba ta cikin ɗakin. In na rubuta tana ciki, na rubuta abin da bai faru ba."

"Wa ya hana ta shiga ɗakin? Ba mu ba ne da galan ɗinmu?"

"Kuma dangi sun riga sun amsa. Ƙanen mijinta ya ce e a gaban kowa."

"Ƙanen mijina gidansa na bayan masallaci," in ji matar. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ce da danga. In mutumin nan ya yi tari muna ji. Yarinyar nan sai bara ta fara zuwa rijiya ita kaɗai."

Sai na kawo wani dalilin, wanda har yanzu ban san ko dalili ne ko mafaka ba. Na ce in na sa sunanta a takarda, zai je har hedikwata, mutane da yawa za su gani, gara a rufa wa yarinyar asiri.

Ta dube ni a karo na farko. "Malam, wane asiri? Garin nan har awaki sun sani."

Baba direba ya rufe bayan mota ya ce yamma na yi, kuma shi ba zai haƙa rairayi da magariba ba. Na ciro fensir, na rubuta a gefen fom, a wajen akwatunan: mahaifiyar yarinyar ba ta samu shiga ba, ta ce ba ta yarda ba. Na karanta mata. Ta ce, "Shi ke nan an ƙirga?" Na ce an rubuta, kuma zan yi bakin ƙoƙarina. Ta ce Allah ya saka da alheri. Ta juya ta tafi, ba ta bi ta gaban makaranta inda maza ke tsaye ba, ta bi ta bayan aji.

Muka kama hanya har muka hau kwalta. Sannan Madam ta ce, "Me ya sa fensir?"

Na ce don ba a cikin ƙa'ida yake ba, in shugaba ya amince sai a mayar da shi biro. Ta juya tana kallon gonaki, waɗanda ba komai a cikinsu sai kututturen karan bara.

A ofishinmu akwai wata al'ada da kowa ya sani, ni ma na sani. Mai buga tafireta abin da aka rubuta da biro kawai yake bugawa. Fensir na mai aiki ne, tunaninsa ne da lissafinsa, ba ya shiga takardar hukuma. Na kai masa fom ɗin da niyyar in ga shugaba tukuna, sai na tarar shugaba ya tafi ta'aziyya Haɗeja. Kwana biyu bayan haka aka kawo mini rahoton a buge, shafi huɗu masu tsabta. Maganar tsohon dillali ba ta ciki. Maganar matar ba ta ciki.

Na je na sami mai tafiretar na nuna masa gefen fom ɗin.

"Mai digiri, wannan ai fensir ne."

"Na sani. Ba za a iya ƙara shi ba?"

"Sai dai in sake buga shafin gaba ɗaya, da kwafi uku. Ka sa masa biro ka sa hannu a gefe, in buga maka yanzu. Motar hedikwata dai ƙarfe sha ɗaya za ta tashi."

Ya miƙo mini bironsa. Wannan na tuna shi sarai, biro ne mai shuɗin murfi da aka tattauna. Na tsaya ina tunanin ko ina da ikon ƙara abin da ba ya cikin umarni ba tare da shugaba ba. Na yi tunanin dagaci, da za a ce na ƙaryata shi a rubuce. Na yi tunanin tsohuwa makauniya da gonarta. Na yi tunanin ni ma'aikaci ne da ko tabbatar da shi ba a yi ba. Na ce masa ya bari, zan rubuta wasiƙa daban in bi da ita, hakan ya fi tsari. Na sa hannu a rahoton, mota ta tafi da shi.

Na rubuta wasiƙar. Ta farko ta ce mahaifiyar yarinyar ta ƙi. Da na sake karantawa sai na ga kamar ina zargin wani, na mayar da ita mahaifiyar ta nuna damuwa. Ta uku ta ce akwai yiwuwar wasu mata ba su samu cikakkiyar damar bayyana ra'ayinsu ba. Da shugaba ya dawo na nuna masa ta ukun. Ya karanta ya ce, "To me kake so a yi da wannan?" Na duba, na ga lallai ba ta nemi a yi komai ba. Ya ce in ajiye ta a fayil. Na ajiye.

Ban kwana ina juyi ba, in faɗi gaskiya. Na ci abinci, na je aiki, damina ta sauka, aka shiga rabon taki, aka manta da kaset. Wani lokaci in ina wanke hannu sai in tuna da tafin nan a buɗe, in tsaya kaɗan, in ci gaba.

Da kaka aka aiko da keken ɗinki sabo a cikin kwali, da wani fom na bibiya mai shafi ɗaya. An riga an saki mutumin wata biyu kafin nan. Madam ta ce tana da aiki a asibiti, ba za ta je ba. Muka tafi ni da Baba direba.

Ban san me na zaci zan gani ba. Mutum ne ramamme mai furfura a gemu, ko da yake fayil ya ce bai kai arba'in ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce ranka ya daɗe, alhali ya girme ni. Bai kalli idona ba ko sau ɗaya. Uwarsa na zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube, tana ta sa wa gwamnati albarka. An ce shi ya yi mata girbi bana, kuma ba ya fita sai masallaci da gona. Ko ya shiryu ko bai shiryu ba, ban sani ba. Ba abu ne da ake gani a fuska ba, kuma ban sake jin labarinsa ba, mai kyau ko maras kyau.

Muka sauke keken. Ya ce a ajiye shi a inuwa, a jikin danga. Da na matsa sai na ga dangar ta kwanta a wuri ɗaya, ana hango ɗaya gidan. Ciyawa ta cika tsakar gidan har gwiwa, ta bushe. An ɗaure ƙofar ɗakin da igiya. Murhu na nan da duwatsunsa uku, da dutsen niƙa a gefe.

Na tambayi wani maƙwabci da ya zo kallon keke. Ya ce ai sun tashi tun kafin a yi shuka, ranar da labari ya zo cewa takarda ta fito. Ta sayar da awakinta biyu a Maigatari, suka ƙetare iyaka ita da 'yar, wajen wani wanta a ƙasar Damagaram. Gonar marigayi kuma ƙanen mijin ne ya noma ta.

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta yi sallama da mata. Dutsen ne ya gagare su ɗauka."

Na zauna a kan kwalin keken na ciro fom. Tambayoyin gajeru ne. An miƙa kayan sana'a? E. Yana da wurin zama? E. Yana halartar jam'i da harkokin gari? Na tambaya, aka ce e. Ta ƙarshe ita ce: akwai ƙorafi daga maƙwabta ko dangin wadda aka yi wa laifi?

Na daɗe a kanta. Mutumin yana tsaye a gefe, hannuwansa a baya. Baba direba ya leƙo ta kafaɗata, shi da ba ya shiga harkar takarda.

"Me aka ce?"

Na karanta masa.

Ya dubi gidan da ciyawa ta cinye, ya dube ni. "To ai ka ji da kunnenka. Akwai wanda ya yi ƙorafi?"

Na laluba aljihuna. Fensir da biro duka suna nan. Na ciro biro na rubuta babu, na sa hannu, na sa kwanan wata, na miƙa wa mutumin ya dangwala. Sannan na taya Baba direba naɗe igiyar da muka ɗaure keken da ita, muka kama hanyar Gumel tun da sauran rana.